Shimfiɗar takalmi: abin da ta yi wa dunduniyata da abin da ta yi wa maƙwabcina

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini. Wasiƙar za ta yi tsawo, a yi mini uzuri. Shekara 35 na yi ina riƙe da alli a makarantun firamare na cikin birnin Katsina, kuma wanda ya saba da sai an kaɗa ƙararrawa yake yin shiru bai iya gajeruwar magana ba.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na biyo ta Ƙofar Soro sai na sake cin karo da motar nan mai lasifika a ka. Wani saurayi ya ɗare bayanta yana ta kwarmato: "Ina mai ciwon baya? Ina mai ciwon ƙugu? Ina mai sanyin ƙashi, mai hawan jini, mai ciwon suga? Ga shimfiɗar takalmi mai maganaɗisu, ka taka ka warke!" Na ja gefe na tsaya. Kafin in bar wurin mutum tara suka saya, kuma galibinsu sa'o'ina ne, masu furfura. Ban iya ce musu komai ba, don ni ma na taɓa miƙa kuɗina a irin wannan motar. Maƙwabcina ma ya taɓa miƙawa, kuma yau yatsu uku suka rage a ƙafarsa ta dama. Tun daga ranar nake jin in ban rubuto ba akwai alhaki a kaina.

Bari in fara da nawa, don shi ne mai sauƙin.

Shekara huɗu ke nan, ina gab da ajiye aiki, dunduniyata ta hagu ta tasa ni gaba. Da asuba yake kama ni. Ladan ya yi kiran farko, in sauko da ƙafa daga gado, tana taɓa siminti sai in ji kamar an kafa mini ƙusa. In dafa bango, in ɗingisa har inda buta take. Kafin in isa masallaci ya lafa, har in ce to, Allah ya raba mu. Amma in na zauna duban littattafan yara na awa guda na miƙe, sai ya dawo sabo fil. Azumin wannan shekarar a zaune na ƙarasa tarawihi, ni da a da nake yi wa masu kawo kujera masallaci kallon ragwaye. Allah ya yafe mini.

Na bi hanyar da kowa ke bi. Na fara da kemis, yaron ya haɗa mini ƙwayoyin kashe zafi, na yi ta sha safe da dare har sai da cikina ya fara ɗaukar wuta, likita ya ce gyambon ciki nake nema wa kaina, ga ƙoda ma ba ta son irin wannan shan. Wanzami ya kafa mini ƙaho a sharaɓa. Wata gwaggona da ke Rafindadi ta rantse cewa wani abu aka binne mini a ƙofar aji na taka, ta aiko da hayaƙi. Wani abokina ya ce sakiya ce maganinta, ya san mai yi. Tsoron wuta ne kaɗai ya cece ni daga wannan. A ƙarshe na sayi ta mai lasifika, naira dubu shida, rabi ma bashi na ci. Roba ce mai tauri, samanta duk ƙuraje kamar bayan kada, an manna mata wasu ƙananan ƙarafa. Kwana uku na daure ina takawa, na huɗu na jefa ta ƙarƙashin gado.

Ana haka Babbar Sallah ta zo, 'yar ƙanwata ta iso daga Kano. Likitar gashin ƙashi ce. Ta ga yadda na taso daga tabarma ina cije baki, ta ce, "Kawu, miƙo ƙafar nan." Ta sa babban yatsanta ta danna wani wuri a gindin dunduniyar, ta ɓangaren ciki. Edita, a gaban jikokina na yi ihu. Ta yi dariya ta ce ta gano ɓarawon. Sai ta kama babban yatsan ƙafata ta lanƙwasa shi sama, ta ce in shafa tafin. Na shafa na ji wata igiya ta miƙe ɗam, daga dunduniya har gindin yatsu.

Yadda ta yi mini bayanin ne ya zauna mini, don da baka da tsirkiya ta kwatanta. Ta ce ƙafa guda ƙashi 26 ne da gaɓa 33, an jera su sun yi doro kamar bakan maharbi, wannan igiyar kuwa ita ce tsirkiyar da ke riƙe bakan. Duk takun da mutum ya yi, bakan zai buɗe kaɗan, tsirkiya ta miƙe, sannan ta dawo. Shekaru talatin da wani abu ina tsaye a kan siminti, ga tumbi ya ƙaru, ga jijiyar agara ta ɗaure, sai inda tsirkiyar ta kama ƙashin dunduniya ya fara gajiya yana tsattsagewa a hankali. Da dare in mutum ya kwanta, ƙafa takan saki, tsirkiyar ta tattare. Takun farko na asuba shi ke fizgar ta. Shi ya sa ciwon ya san lokacin sallah fiye da ni.

Na ce mata wani ya ce in je a ɗauki hoto, wai ƙaya ce ta tsiro a ƙashin. Ta ce ko an ɗauka an ga ƙayar, mutane da yawa suna yawo da ita ba su taɓa jin ciwo ba, don haka kada in yarda wani ya tsorata ni da maganar yanka. Daga nan ta ce a kawo mata takalmana.

A nan kunya ta kama ni. Sau-cikin da nake zuwa makaranta da shi na gwanjo ne, wani Bature ya riga ya taka shi ya karkata shi irin tafiyarsa kafin ya iso gare ni, ni kuma na ƙarasa shi. Silifas ɗin da nake yawon cikin gida da masallaci da shi ya suɗe har ana ganin shatin dunduniyata, in ka ɗaga shi a rana kamar za ka hango ta ciki. Na ɗauko mata ta ƙarƙashin gadon ma. Ta juya ta, ta ce a 2003 likitocin asibitin Mayo da ke Amurka sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa irin wannan a kan mutum 101 masu ciwon dunduniya. Wasu aka ba su shimfiɗa mai maganaɗisu na gaske, wasu aka ba su mai ƙarfen banza, ba wanda ya san wacce aka ba shi. Bayan mako takwas ba a ga wani bambanci ba. Ta ce, "Kawu, maganaɗisu allura yake ja, ba ciwo ba."

Abin da ta ɗora ni a kai ba shi da wani armashi, shi ya sa ba za a taɓa tallarsa a lasifika ba. Kafin in sauko daga gado in naɗa rawani ko tawul a tafin ƙafa in ja yatsun zuwa gare ni, in riƙe ina ƙirga talatin, sau uku. In dafa bango in tura ƙafar baya, dunduniya a ƙasa, har in ji sharaɓa ta miƙe. Da yamma in murza kwalba mai sanyi a ƙarƙashin tafin. In daina taka siminti ba takalmi, ko daga ɗaki zuwa bayi ne. In rage tuwon dare. Shimfiɗa kuwa ta ce a yi, tana taimakawa, amma in sani ita ce ƙarama a cikin maganin, kuma ba ta da amfani in an sa ta a mataccen takalmi.

Washegari muka tafi wajen wani dattijo mai gyaran takalma da ke zama gindin darbejiya a wajen Ƙofar Ƙaura. Baduku ne gaba da baya, tun takalman makarantar 'ya'yana shi ke ɗinke mini. Ya karɓi sau-cikin bai ko dubi samansa ba, ya kifa shi a cinya, ya bi ƙasan da yatsa. Ya ce, "Malam, kai da gefe kake tahiya. Diba nan, ya cinye ƙaf, nan ko kamar ba a taɓa taka shi ba." Na ce yaya aka yi ya sani. Ya ce, "Ni ko huskar mutum na mance, ba ni mance takalminshi." Yarinyar ta tsuguna ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ga abin da nake so," suka haɗa kai kamar tsoffin abokan aiki. Tsohon takalmin suka yanke masa hukunci tare, suka ce ya tafi hutu. Na sayi wani mai faɗin baki, mai ƙarfin baya, wanda in ka murɗa shi ba ya naɗewa kamar tsumma.

Dattijon ya sa na taka kwali, ya zagaye ƙafar da fensir. Ya ɗauko wani soso mai nauyi, ba irin na katifa da ke mutuwa a kwana biyu ba, ya yanka daidai shatin. Ita ta diga biro a inda na yi ihu jiya, na taka, tawadar ta fito a kan soson, shi kuma ya sa wuƙarsa ya ƙwaƙule wurin ya yi ɗan gurbi kamar na ɗan dara, don wurin ciwon ya riƙa shawagi ba ya dukan ƙasa. Ya ƙara wani ɗan yanki a ƙarƙashin doron tafin, ya feffere gefensa har sai da ya yi sumul, ya shafa gam, ya jira ya sha iska, ya lulluɓe da siririyar fata. Zai tsaya a ta hagu, ta ce a'a, Baba, a yi biyu, in an ɗaga ƙafa ɗaya an bar ɗaya an karkata mutum ke nan. Naira dubu ɗaya da ɗari biyar ya karɓa, har yana cewa ya yi yawa. Ta gargaɗe ni kada in wuni da ita ranar farko: awa ɗaya ko biyu, gobe in ƙara, har ƙafa ta saba cikin mako biyu. In ta yi mini kanta ko ja a fata, in cire a gyara.

Ba zan ce na taka na warke ba. Wata biyu sai da dafa bango. Wajen wata na biyar na lura ina isa wurin buta ban tuna da ƙafa ba. Azumin da ya zagayo a tsaye na yi tarawihi. Da na kira ta ina yabon shimfiɗar, sai ta rage mini zaƙin. Ta ce mafi yawan masu irin wannan ciwon suna samun sauƙi cikin shekara guda ko da me suka yi. Ta ba ni labarin wani gwaji da aka yi a Ostareliya, aka fitar da sakamakonsa a 2006, inda aka raba mutane kashi uku: masu shimfiɗar da aka auna ƙafarsu aka ƙera musu da tsada, masu ta kanti, da masu ta bogi. A wata uku na farko masu ta gaske sun ɗan fi samun sauƙi, kuma mai tsadar ba ta fi ta kantin ba. Da shekara ta cika, duk sun zo daidai. Wato shimfiɗa sanda ce da ake dogarawa kafin jiki ya gyara kansa. Ni dai na gode wa sandar, don watannin nan da ta rage mini azaba a cikin aji na yi su.

Maganar ciwon baya ita ce inda masu lasifika suka fi cin kasuwa, kuma dole in yarda hujjarsu na da daɗin ji. Sukan ce ƙafa ce harsashin gini, in harsashi ya karkace dole bango ya tsage. Wa zai musa? Sai dai mutum ba ginin ƙasa ba ne. Ni ma ina da ciwon ƙugu a lokacin, na sa rai shimfiɗar za ta haɗa da shi, ko gezau bai yi ba. Abin da ya sassauta shi tafiyar ƙasa ce da na fara bayan la'asar, da rage zaman majalisa na awa uku a kan benci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya. In da ɗan soso a takalmi na maganinsa, ai da tuni an huta. A 2007 masanan ƙungiyar Cochrane, masu tace binciken lafiya, sun tattara gwaje-gwajen da aka yi, suka ce shimfiɗa ba ta hana ciwon baya zuwa. A Ingila kuwa, tun 2016 hukumar da ke tsara wa likitocinsu ƙa'idar magani ta ce kada a ba mai ciwon baya shimfiɗar takalmi a matsayin magani.

Akwai inda na ga ta yi wa baya amfani da idona, amma dalilin a fili yake. Wani tsohon ɗalibina da shan-inna ta taɓa tun yana goye, ƙafarsa ɗaya ta gaza ɗaya sosai. Duk taku sai ƙugunsa ya zube gefe guda, kafin ya kai shekara talatin baya ya hana shi barci. A asibitin ƙashi na Dala da ke Kano aka auna shi, aka ɗaga masa takalmin gajeriyar ƙafar. Abin da ya kai santimita ɗaya yana shiga cikin takalmi, abin da ya fi haka sai a gina shi a ƙasan takalmin ta waje. Yau yana tsaye a shagonsa na gyaran waya daga safe har magariba. An tabbatar da kawar da shan-inna ta daji daga Afirka a watan Agustan 2020, alhamdu lillahi, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, ga masu sikila da kan ƙashin cinyarsu ke lalacewa, ga waɗanda suka karye a babur ɗori ya kama a gajarce. Waɗannan su ne masu buƙatar a ɗaga musu takalmi, kuma da awo, ba da ƙiyasin ido ba. Ɗan bambancin da bai taka kara ya karya ba kuwa, kusan kowa na da shi, ba ya hana komai.

Yanzu ga maƙwabcina, wanda saboda shi na rubuto.

Ɗan kasuwa ne, yadi yake sayarwa a babbar kasuwa, katanga ɗaya ta raba mu shekara ashirin da wani abu. Ya fi shekara goma da ciwon suga. Bara ya fara ce mini ƙafafunsa na yi masa yam-yam kamar kiyashi na yawo a ciki, wani lokaci kuma ya ji kamar a kan auduga yake tafiya. Mai lasifika ya ce masa jini ne ya kwanta, ƙurajen shimfiɗar nan su za su tashe shi. Ya saya, ya cusa a sau-cikin da dama ya matse shi, ya riƙa wuni da shi a rumfa cikin zafin watan Afrilu. Har ya zo yana ba ni labari cewa shi tasa ba ta damunsa ko kaɗan, ni ne dai mai raki. Wannan maganar tana ci mini rai har yau. Na san tawa ta hana ni sakat cikin kwana uku. Da na yi tunani, da na tambayi kaina me ya sa shi ba ya ji. Ban yi ba, dariya na yi.

Bayan kamar mako biyu maiɗakinsa ta ga tabo a safarsa wajen wanki, ga wani wari. Aka duba, ƙurji ɗaya na robar ya huda gindin yatsa ya yi rami. Maimakon asibiti, aka yi kwana goma ana wanke wa da ruwan zafi ana barbaɗa garin kafso. Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi muka sa shi a mota, yatsu biyu sun riga sun yi baƙi. Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu, suka cire biyun suka ceci ƙafar. Garin neman gira aka rasa ido.

Ina zaune gefen gadonsa bayan aikin, ya daɗe yana kallon ƙafar a naɗe, sai ya ce, "Malam, wallahi ban ji komai ba. Da na ji ai da na cire." Ban sami abin ce masa ba.

Abin da ban sani ba a lokacin, kuma nake so duk mai karanta wannan ya sani: suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa, kuma yana rage gudun jini, ga shi rauni ba ya saurin warkewa. Zafin da ya sa na jefar da tawa shimfiɗar rahama ce, shi an ɗauke masa ita. Mu Katsinawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, don ga Babbar Ruga nan kusa da mu, inda tun zamanin Turawa ake jinyar masu cutar kuturta. Mun taso muna jin wai cutar ce ke cinye yatsu. Wani likita Bature mai suna Paul Brand, da ya yi aiki a Indiya, shi ya nuna cewa rashin jin zafi ne ke jawo yawancin ɓarnar: mutum ya taka ƙaya, ko takalmi ya goge shi, ya ci gaba da tafiya a kan raunin har ya ruɓe. Maganin da suka samo shi ne takalmi mai shimfiɗar roba mai laushi da ke raba nauyin jiki a duk tafin ƙafa. Wannan dabarar ce ake yi wa masu suga a yau. Ashe shimfiɗar da za ta ceci ƙafar maƙwabcina tana nan, mai laushi, sumul, a cikin takalmi mai yalwa. Kishiyarta aka sayar masa.

A asibitin na ga yadda ake gwada ƙafar masu suga. Wani ɗan siririn zare ne na roba kamar gashin wutsiyar doki, a ce ka rufe ido, a dangwala maka a tafin ƙafa, a ce ka ji? Ko minti biyar ba a yi. Ma'aikaciyar jinyar ta yi wa maiɗakinsa karatu ni ma na ɗauka: a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, in ba ya iya sunkuyawa a sa madubi ko wani ya duba masa. A zazzage takalmi a laluba cikinsa da hannu kafin a sa. Kada ya taka ƙasa ba takalmi, musamman dandamalin masallaci da rana. Kada a yanke kaushi da reza. Da hunturu kada ya miƙa ƙafa ga kaskon wuta, kada ya tsoma ta a ruwan da ba a taɓa da gwiwar hannu ba. Sabon takalmi da yamma ake gwada shi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Ƙaramin rauni kuwa, ranar da aka gan shi ranar ake zuwa asibiti.

Haka shi ma ciwon baya akwai wanda ba a yi masa jinkiri. In ya zo da zazzaɓi da rama da gumin dare, tarin fuka na iya kama ƙashin baya. In ƙafafu suka fara mutuwa, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa, ko tsakanin cinyoyi ya dena ji, wannan na gaggawa ne. Duk ranar da irin wannan mutum ya ɓata yana taka maganaɗisu, asara ce.

Iyaye kuma da ake tsorata su da cewa tafin ƙafar yaro a shafe yake, a sayi shimfiɗa a gyara: kusan duk ƙaramin yaro haka ƙafarsa take, doron yakan fito da kansa yayin da yake girma, kuma ba shimfiɗa ke fito da shi ba. In ba ya ciwo, yana gudunsa, a ƙyale shi ya yi wasa.

Wani abin da masu kawo kayan nan daga waje ba su lissafa da shi ba, mu ba mutanen sau-ciki ba ne. Zafinmu ya wuce digiri 40 a bazara, ga alwala sau biyar, ga cin ruwa a tsakanin yatsu in ƙafa ta wuni a rufe. Manomi, mai tallar ƙosai, mai turin kura, matar aure da ke wuni tsaye a tsakar gida, duk buɗaɗɗen takalmi ne ko silifas, inda shimfiɗa ba ta da wurin zama. Ni kaina da na yi ritaya sai na koma wurin dattijon nan ya ɗinka mini buɗaɗɗe mai maɗaurin baya, ya gina laushin da tudun a jikinsa. (An ɗauke mini na farkon a masallacin Juma'a. Ina fatan dai wanda ya ɗauka dunduniyar hagu ke damunsa.)

A nan roƙona yake, Edita. Tsakanin Katsina da Dala tafiyar kusan kilomita 170 ce, ba kowa ke da kuɗin mota da na kwana ba. Alhali kowace unguwa tana da mai gyaran takalmi, garin nan kuma garin dukawa ne tun kaka da kakanni. Hannun yana nan, fatar tana nan. Abin da ya rage shi ne ilimin. Me zai hana ma'aikatar lafiya ta jiha da manyan asibitocinmu su tara irin dattijon nan da yaransu, likitocin ƙashi da na gashin ƙashi su koya musu irin soson da ya dace, yadda ake rage nauyi a wurin rauni, da kuma ƙafar da ba a taɓawa sai a tura ta asibiti? Likita ya rubuta awo a takarda, baduku ya ɗinka, mara lafiya ya dawo a duba. Na ga an yi haka a gindin darbejiya tsakanin mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, cikin awa ɗaya.

Ina kuma roƙon hukumomin da ke sa ido kan magunguna da tallace-tallace su waiwayi motocin nan. Ban ce a hana kowa neman abinci ba. Ya sayar da robarsa a matsayin roba. Amma wanda ya ɗaga lasifika ya kira mai ciwon suga da sunan ciwonsa ya miƙa masa abin da zai huda masa ƙafa, ya kamata a tambaye shi wa ya ba shi izini. Gidajen rediyo da ke karɓar irin wannan talla su ma su riƙa tambaya kafin su karɓi kuɗin, don tsofaffinmu duk abin da rediyo ya faɗa gaskiya ne a wurinsu.

Maƙwabcina ya koma rumfarsa watan jiya. Ni na raka shi wajen dattijon da takardar da aka rubuto masa daga asibiti. Tsohon ya sa na karanta masa ita sau biyu, ya ɗinka, sannan ya tura hannunsa cikin takalmin ya rufe ido yana lalube, ya ce ko bakin zare ɗaya ba zai bari ba tunda mai shi ba zai ji ba. Kowace Juma'a in mun dawo masallaci nakan sa shi ya tuɓe safa a zaurena in duba da tocila, yana mita yana cewa na mayar da shi ɗan aji ɗaya. Tawa shimfiɗar ta dubu shida kuwa na ɓamɓare ƙarafan na ba uwargida, da su take tsintar allura in ta faɗi a tsakar ɗaki.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
Ƙofar Marusa, Katsina.